Na gwada haɗin maleriya na wata rumfar 'yan magani a Kurmi, ga yadda muka kwashe

Tun watan Agusta nake son yin wannan rubutun amma na bari sai da jikina ya dawo daidai tukunna, don kar in yi shi cikin ɗacin rai in zalunci dattijo, saboda tsakani da Allah mutumin bai cuce ni ba kuma bai min ƙarya ba, amma dai akwai magana a ciki. Ba zan faɗi sunansa ba ko layin da rumfar take, wanda ya san Kasuwar Kurmi ta Kano ya san 'yan magani ba ɗaya ba ne ba biyu ba, ku ɗauka ɗaya ce daga ciki.

Abin ya faro ne da ciwon gaɓɓai ranar wata Talata, irin wanda za ka ji kamar an kwana ana dukanka da taɓarya, bakina ya yi ɗaci, da yamma sai rawar sanyi. Kowa ya san wannan, ba sai an faɗa maka ba, damina ta yi tsakiya ga kwatar bayan gidanmu ta cika ta batse sauro kamar ya ɗauke ka. Niyyata in biya kemis in sayi irin wanda na saba in wuce wurin, sai Inna ta ji labari ta kira ni ta ce wai ku 'yan zamani kun mai da cikinku shagon ƙwaya, duk wata sai kun sha kuma duk wata sai ta dawo, ka je Kurmi wajen mutumin da mahaifinku yake zuwa, kowa ya bar gida gida ya bar shi. To umarnin uwa ne, ga kuma dama ni ma na gaji da kashe kuɗi, shekarar nan kaɗai sau uku ina sayen maganin maleriya. Na ce to Inna.

Sai dai ƙanwata da take aikin gwajin jini a wani asibiti ta ce Yaya in dai sai ka yi, to ka bari a fara gwada ka, kar ka je kana shan ɗaci a kan abin da ba shi ba ne. Ta zo da ɗan abin gwajin nan da ake tsira wa mutum allura a yatsa, ta ɗiga jini ta ɗiga ruwansa, minti 15 layi biyu suka fito raɗau. Ta ce maleriya ce, kuma ni shawarata ka sha na asibiti. Na ce na ji, na kuma ƙi ji. Wannan laifina ne ba na kowa ba, gara in faɗa tun yanzu.

Rumfar kanta kam ba abin kushewa. Kurmi dai kun san ta, kasuwa ce tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, lunguna ne matsattsu ga ruwan sama ya jiƙa ko'ina, sai kana tattare bakin wando. Amma kana shiga wajen Baba ka ga bambanci, komai a sama yake bisa katako, ba abin da ya taɓa ƙasa, sassaƙe daban saiwoyi daban ganye daban a cikin buhunan da aka naɗe bakinsu, kuma na sa hannu na juya na shinshina ban ga fumfuna ko ɗaya ba, wanda a damina wannan ba ƙaramin abu ba ne, na sha ganin masu baza nasu a bakin titi ruwa ya daka rana ta daka ƙura ta hau. Ƙanshin wurin ma wani iri, kanumfari da citta da wani ɗaci-ɗaci da yake tsaya maka a maƙogwaro.

Na gaishe shi na ce ɗan wane ne, ya yi wa mahaifina addu'a ya sa aka ba ni kujera, bai yi gaggawar ɗauko komai ba. Ya fara da tambaya, kwana nawa, kana amai, fitsarinka wane launi, kana iya cin abinci, ya ce matso ya ja fatar idona ƙasa ya duba ya kalli tafin hannuna. Ya ce ba shawara a jikinka, da sauƙi. Sannan ya ce yaro kai kaɗai za ka sha ko da iyali, akwai mai juna biyu a gidan? Na ce ni kaɗai ne. Ya ce to kar ka ba mace mai ciki kar ka ba ƙaramin yaro, na faɗa maka. Wlh wannan ya burge ni, don akwai kemis ɗin da za ka je ka ce zazzabi kawai su haɗo maka ƙwaya kala biyar a leda ba wanda ya tambaye ka ko shekararka nawa.

Abu uku ya haɗa min. Na farko kayan sirace, ganyen darbejiya, wanda wasu ke cewa dogon yaro wasu maina wasu bedi, da ganyen mangwaro da na gwaiba da busasshen ganyen gwanda da rai-ɗore, ya ce in ƙara lemun tsami guda bakwai in yayyanka a gida. Na biyu kayan jiƙo, sassaƙen maɗaci da saiwar tafashiya da rawaya da ɗan marke. Na uku ƙullin tazargade. Gaba ɗaya naira dubu biyu da ɗari biyar, ya ma cire min ɗari biyar albarkacin mahaifina. Ina shirin tashi sai idona ya kai kan wasu kwalabe a jere a gefe, masu takarda mai launi da hoton sauro an ja masa jan layi, na ce Baba wannan fa? Ya ɗan yi shiru ya ce ba haɗina ba ne, kawo min ake ina sayarwa, masu son na kwalba suna saye. Daga yadda ya faɗa ya kamata in gane, amma na sayi ɗaya dubu biyu. Zan dawo kanta.

Inda matsalar ta fara shi ne wajen ma'auni. Na ce Baba nawa zan sha? Ya ce ka cika tukunya da ruwa ka tafasa sosai ka sha kofi safe da yamma. Wace tukunya, ta gidanmu mai cin kwano biyu ko ƙaramar ta shayi? Wane kofi, na silba ko na roba ko moɗa? Tafasa sosai minti nawa ke nan? Ya yi dariya ya ce in ruwan ya yi ja ya yi ɗaci ai ya yi. Tazargade kuwa ya ce abin da yatsu uku suka ɗauka. Kwana nawa? Har sai ka ji sauƙi. Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce ta kayar da ni, amma a lokacin ban ga komai a cikinta ba.

Siracen dai a gaskiya in ba shi haƙƙinsa, daɗi gare shi. Uwargida ta tafasa ta sauke tukunyar tsakar ɗaki na zauna a kan kujera 'yar tsugune aka rufa min bargo, minti biyar ban yi ba gumi ya fara zuba kamar an kunna famfo, hancina ya buɗe, nauyin kan nan ya sauka, na yi wanka da sauran ruwan da aka sirka na kwanta na yi barcin da ban yi ba kwana biyu. Duk wanda ya ce sirace ba ya komai bai taɓa yi ba. Abin lura kawai tukunyar, ruwa ne tafasasshe a gabanka kana cikin duhun bargo ga jiri, ni kaina sai da gwiwata ta taɓa gefenta na sha zafi, shi ya sa ban ga dalilin da zai sa a saka yaro a wannan yanayin ba.

Jiƙon kuwa, jama'a, maɗaci sunansa ne ya bi shi. Na sha ɗaci a rayuwata, na sha shuwaka na sha garafuni, amma wannan ɗacin sai ka ji shi har cikin kunne, kuma ba ya tafiya, ka ci tuwo ka ji maɗaci ka sha shayi ka ji maɗaci. Rawayar ta mai da ruwan kamar an zuba kurkum. Rana ta biyu cikina ya ɗan murɗa na zaga bayi sau uku, Inna ta ce ai cutar ce take fita. Tazargaden ya fi sauƙin sha, yana da wani ƙanshi mai hawa kai, ɗacinsa na mutunci ne.

Kwana na uku na tashi garau. Ba zazzabi ba ciwon kai, na ci ɗumame na fita aiki, na kira Inna na ce kin yi gaskiya, har da yi wa ƙanwata tsiya a waya na ce ku da turancinku. Ta ce Yaya Allah Ya ƙara sauƙi, amma da sauran rina a kaba. Na ƙara kwana ɗaya ina sha na ajiye, tunda ai an ce har sai na ji sauƙi, ga shi na ji.

Kwana tara bayan nan ina cikin Adaidaita a kan hanyar komawa gida wajen la'asar sai na ji sanyi ya taso min daga ƙashin baya, haƙorana suna haɗuwa, mai Adaidaitan har ya waigo ya ce Malam lafiya? Kafin magariba na yi amai sau huɗu, ko ruwa ba ya zama, kaina kamar ana sara da gatari, wannan karon ya ninka na farko. Da safe aka kai ni asibiti. Ƙanwata ta ce ba za a maimaita na yatsa ba don shi yana iya ci gaba da nuna layi biyu har makonni ko da mutum ya warke, sai aka shafa jinin a gilashi aka duba a madubin likita, aka ga ƙwayoyin cutar suna nan daram. Aka min allurar tsai da amai aka sa min ruwa leda ɗaya, da cikina ya lafa aka ba ni irin su Coartem ɗin nan mai ƙwaya shida, ɗaya yanzu ɗaya bayan awa 8 sannan safe da dare na kwana biyu, aka ce in riƙa sha da madara ko abinci mai maiƙo don ya fi shiga jiki. Na shanye tas. Da kuɗin gado da ruwa da gwaji da magani abin da na kashe ya ninka kuɗin Kurmi sau biyar, ban da kwana huɗu da ban fita nema ba. Araha dai ba ta ado.

Ina kwance ne na sa ƙanwata a gaba na ce ki min bayani kamar ɗan firamare, ya aka yi na warke kuma ban warke ba. Ta ce abu biyu ne. Na ɗaya mu manya da muka tashi a nan sauro yana cizonmu tun muna goye, jikinmu ya saba da faɗa da ita, yana iya danne ta da kansa ta yi ƙasa ka ji garau alhali tana nan tana taruwa, to duk abin da ka sha a wannan tsakanin shi zai karɓi yabo. Na biyu kuma shi tazargaden da gaske yana iya kashe wasu, amma bai kashe duka ba, ka kashe maciji ba ka sare kansa ba.

Nan ne abin ya ba ni sha'awa har na shiga bin diddigi, don ashe shi maganin asibitin da na sha daga dangin tazargade aka samo shi. Ganyen da ake kira Artemisia annua, mutanen Sin sun daɗe suna amfani da shi wajen zazzabi, akwai wani littafinsu na kusan shekara 1,600 da ya ce a jiƙa shi a ruwa a matse a sha. A 1967 lokacin yaƙin Biyetnam maleriya tana kashe sojoji gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na neman magani, wata mata mai suna Tu Youyou ta bi tsofaffin littattafan nan ta lura cewa ba a ce a dafa ba, ta gane zafi yana lalata sinadarin, ta sauya hanyar tatsa, a 1972 suka fitar da sinadarin da ake kira atemisinin, kuma a 2015 aka ba ta kyautar Nobel a kan haka. Haka kwinin ma, ɓawon wata bishiya ce ta Kudancin Amurka, sinkona, a 1820 wasu Faransawa biyu suka ware sinadarin daga ciki. Wato manyan magungunan maleriya biyu da duniya ta sani duk daga hannun irin su Baba suka fito. Don haka mai cewa itatuwa shirme ne shi ma bai san abin da yake sha ba.

To amma me ya sa ƙullina bai yi ba? Saboda yawan sinadarin a ganye ba ɗaya ba ne, ya danganta da irin shukar da ƙasar da ta fito da lokacin da aka yanka da daɗewar da ya yi a ajiye cikin zafi, wani ganyen yana da shi sosai wani kusan babu, kuma a ido duk ɗaya suke. Ga shi dangin Artemisia suna da yawa kuma a kasuwa duk tazargade ake ce musu. Ga shi sinadarin ba ya narkewa sosai a ruwa. Sannan ko ya shiga jiki cikin 'yan awanni yake fita, shi ya sa ko a asibiti ba a ba da shi shi kaɗai a ƙwaya, sai an haɗa shi da wani mai daɗewa a jini kamar lumefantirin, na farko ya yi wa cutar kwaf ɗaya na biyu ya tsaya ya share ragowar. Ni kuwa yatsu uku na ɗiba na kwana huɗu na ajiye. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ƙarara ta ce ba ta goyon bayan shan ganyen a matsayin shayi ko gari don maganin maleriya, dalilinsu ke nan, da kuma tsoron cewa in ana ba ƙwayar cutar ɗan kaɗan-kaɗan wanda bai isa ya kashe ta ba za ta saba da shi, kamar yadda ta saba da kulorokwin har Najeriya ta bar shi ta koma waɗannan na haɗin a 2005. An ma riga an fara ganin alamar hakan a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya. Mu da muke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriyar duniya gaba ɗaya, in wannan maganin ya daina ci ban san ina za mu sa kanmu ba.

Kun tuna lokacin korona a 2020 da Madagaska ta fito da wani ruwan magani a kwalba aka yi ta hayaniya, har aka kawo Najeriya? Shi ma Artemisia ne jigonsa, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta duba ta faɗi haka. Tun daga lokacin tazargade ya yi suna a wajen waɗanda da ba su san shi ba, Baba ma ya ce a shekarar har rasa shi aka yi a kasuwa.

Su maɗaci da darbejiya da tafashiya da rawaya kuma an sha gwada su a jami'o'i, a kwalbar gwaji da jikin ɓeraye suna nuna suna taɓa ƙwayar cutar, wasu kuma suna sauke zafin jiki da rage ciwo, wanda ni shaida ne a kan wannan. Amma taɓawa daban, share jinin mutum tas daban. Maƙwabtanmu sun ɗan fi mu nisa a nan, a Gana akwai cibiyar binciken itatuwa a Mampong da suke da wani na saiwa da ake kira Nibima, a Mali akwai Malarial 5 wanda rai-ɗore yana cikin haɗinsa, a Burkina Faso akwai shayin Saye wanda dangin rawaya yake ciki, duk an auna an ƙulla an rubuta yadda za a sha. Abin da rumfar Baba ta rasa ke nan, ba ilimi ba, sikeli.

Kuma kar a ce tunda ganye ne ba ya illa. 'Ya'yan rai-ɗore ɗanye guba ne, a Indiya an samu yara da suka ci ya taɓa musu hanta da ƙwaƙwalwa har da rasa rai, man darbejiya ma in aka ɗura wa jariri yana sa jijjiga da suma. Haka jar kanwa da wasu suke zabgawa a jiƙo ba lissafi. Shi Baba bai sa min ita ba, kuma ganyen rai-ɗore ya ba ni na sirace ba 'ya'yan ba, ya san abinsa.

Yanzu kwalbar nan. Ita kam ba ni da wani alheri da zan faɗa a kanta. A jikin takardar an rubuta tana maganin maleriya da taifot da shawara da basir da sanyi da olsa da ciwon baya da rashin kuzarin maza, abin da ya rage kawai su ce tana biyan bashi. Ba a rubuta abin da aka haɗa a ciki ba sai "itatuwa masu albarka", ba ranar da aka yi ba ranar lalacewa, adireshin kamfanin sunan gari ne kawai da lambar waya. Akwai lamba da aka ce ta NAFDAC ce, wato hukumar kula da abinci da magunguna, mai harafin L a ƙarshe, ƙanwata ta ce ko da lambar gaskiya ce, wannan L ɗin ma'anarsa an yi masa rajistar wucin gadi ne bayan an duba ba ya cutarwa, ba wai an tabbatar yana warkarwa ba, shi ya sa ake tilasta musu rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin nasu ba, na duba kuwa na gani da turanci can ƙasa da ƙananan baƙaƙe kamar ƙafar tururuwa, a kwalbar da duk sauran rubutunta Hausa ce. Na kurɓa sau ɗaya na ji zaƙi-zaƙi da ɗaci da wani tsami na ajiye a kan firji. Bayan mako biyu robar ta kumbura, na murɗa murfin ta yi tsiii kamar lemon kwalba, kumfa ta biyo hannuna da wari kamar tsohon kunun zaki. Na tuttular a kwata.

Da na samu ƙarfi na koma Kurmi, ba don rigima ba, na dai ga ya kamata ya sani. Na faɗa masa komai. Bai musa ba bai kuma ce asiri aka min ba ko na karya ƙa'ida, ya ce yaro zazzabin yanzu ba irin na da ba ne, akwai wanda yake jin itace akwai wanda sai allura, da ka dawo min ranar da ya juyo ni da kaina zan ce ka tafi asibiti. Na ce Baba kwalbar nan fa ba ta dace da rumfarka ba. Ya ce ya ji, ciniki ne ya ja. Ko ya kwashe su ko bai kwashe ba, ranar dai suna nan a jere.

Ina zaune a wajen wata mata ta zo da yarinya a goye, ba za ta wuce shekara biyu ba, ta ce Baba kwana uku jikinta zafi ba ta karɓar nono, jiya da dare har ta ɗan sandare idonta ya juye, maƙwabta sun ce iska ce a ba ta hayaƙi. Ya ce sauke ta. Ya buɗe tafin hannun yarinyar ya ja fatar idonta, fari fat kamar takarda. Sai na ga fuskarsa ta sauya, ya ce 'yata ba ni da maganin wannan, ba iska ba ce jininta ne ya ƙone, ki tashi yanzu-yanzun nan ki tafi asibitin yara kar ki biya gida, ya zaro dubu ɗaya a aljihu ya ba yaron shagonsa ya ce raka ta titi ka sa ta a Adaidaita. Matar tana cewa ko ɗan na shafawa ne Baba, ya daka mata tsawa ya ce na ce ki tafi. Ban san yadda suka ƙare ba, Allah Ya sa an kai ta a kan lokaci. Yawancin waɗanda maleriya take kashewa irin wannan yarinyar ce, 'yan ƙasa da shekara 5, su ba su da wannan sabon da jikinmu ya yi, kwana ɗaya ma tsada gare shi a wajensu, shi ya sa ake bi gida-gida da damina ana ba su na rigakafi duk wata. Na san masu magani da yawa da za su karɓi kuɗin matar nan su ƙulla mata hayaƙi.

To in za a tambaye ni maki, tsafta da kyawun kaya zan ba shi tara cikin goma, mu'amala da gaskiya goma, farashi ba laifi. Kayan sirace zan sake saye ko gobe, don jin daɗin jiki ga babba mai ƙarfi, amma a kan maganin asibiti ba a madadinsa ba. Jiƙon maɗaci da tazargade a matsayin abin da zai raba ni da maleriyar da gwaji ya tabbatar, biyu cikin goma, kuma biyun na kwana taran da ya ba ni hutu ne. Ban ma haɗa su da ƙwayar asibiti lokaci guda ba don ƙanwata ta ce hanta ɗaya gare ni. Kwalba sifili.

Inna har yau ba ta yarda ba, ta ce da na cika kwana bakwai ina sha da ba ta dawo ba, kuma wai tukunyar ƙarfe muka yi amfani da ita maimakon ta ƙasa. Ban ja da ita ba. Ragowar sassaƙen maɗacin ta aiko an karɓar mata, tana jiƙawa tana kurɓa da safe wai don ɗacin baki, ni kuma na sa an yashe kwatar bayan gida na sauya gidan sauron yara da ya yage.